Na'urar zaɓe mai allon taɓawa: me ake tsoro?

Tambaya: Wani matashi daga Daura ya aiko yana cewa: "Malam, yanzu ko mai ƙosai a bakin kasuwa tana karɓar taransifa. Me zai hana INEC ta yi watsi da takardar ƙuri'a, ta kawo na'urar da mutum zai taɓa tambarin jam'iyyarsa a allo ya wuce? A ganina ba sauran satar akwati, ba ƙuri'ar da za ta lalace, sakamako kuma ya fito nan take. Ko akwai abin da ake tsoro ne?"

Amsa: Ƙanena, akwai abin da ake tsoro, kuma waɗanda suka fi tsoron masana kwamfuta ne. Tsaron kwamfuta shi ne aikina, saboda haka ga matsayina tun da farko: na'urar da za ta haɗiye ƙuri'a ta ajiye a cikinta, ba tare da wata takarda da mai zaɓe ya gani da idonsa ba, ban goyi bayan a kawo ta ba ko da kyauta ce. Wadda ke buga takarda kuwa tana da gurbinta, zan zo kansa.

Mu fara raba ta da BVAS, don mutane na yawan haɗa su. Aikin BVAS biyu ne: ta tantance kai ne mai katin ta hanyar yatsa ko fuska, sannan ta ɗauki hoton takardar sakamako, wato fom EC8A, ta tura IReV, shafin intanet da INEC ke wallafa sakamako a kai. Ba ta san wanda ka zaɓa ba. Idan ta lalace, ƙuri'un suna nan a akwati. Na'urar da kake magana a kai ita ce takardar ƙuri'ar, ita ce akwatin, ita ce kuma mai ƙirgar.

Misalin taransifa da ka kawo shi ne hujjar da kowa ke fara kawowa, amma akwai inda ya karye. Idan ka tura wa mai ƙosai kuɗi, alat zai shigo maka, ita ma ya shigo mata, banki kuma ya rubuta sunanka da nata da lokacin. In aka samu kuskure, ka je banki da shaidarka a bi sawu a dawo maka da kuɗinka. Bankuna ma ana yi musu kutse, suna tafka asara, abin da ke rufa musu asiri shi ne kowace naira tana ɗauke da sunan mai ita. Ƙuri'a kuwa doka ta ce sirri ce. Ba a yarda na'ura ta rubuta cewa wane ya zaɓi wane ba, ba a kuma yarda ta ba ka rasit ka fita da shi ba, don mai sayen ƙuri'a zai tsaya a waje ya ce nuna ka karɓa. To idan allo ya nuna maka ka zaɓi jam'iyya kaza, manhajar da ke ciki ta rubuta wata daban, wa zai gane? Kai ka tafi gida da farin ciki. Jami'in zaɓe bai ga komai ba. In aka ce a sake ƙirga, na'urar za ta sake fito da lambar da ta fitar da farko.

An gwada, an gani. Bayan rikicin zaɓen shugaban Amurka na 2000, wanda ƙuri'a 537 a jihar Fulorida suka raba gardama, majalisarsu ta yi doka a 2002 ta ware sama da dala biliyan 3 don sauya kayan zaɓe. Jihohi da yawa suka ruga suka sayi masu allon taɓawa. A 2006 masu bincike a jami'ar Princeton suka samu ɗaya ta kamfanin Diebold, suka nuna cewa mutum zai iya saka mata muguwar manhaja cikin kimanin minti ɗaya, manhajar ta riƙa ɗebe ƙuri'u daga wani ɗan takara zuwa wani, ta goge sawunta, ta kuma bi katin memori ta harbi wata na'urar. Kwaɗon da ke rufe ramin katin, mabuɗin da ake sayarwa ko'ina na buɗe shi, irin na durowar ofis. A 2015 jihar Bajiniya ta haramta wata mai suna WinVote bayan an gano kalmar sirrin shiga wayafai (Wi-Fi) ɗinta "abcde" ce. An shekara goma ana zaɓe da ita a haka.

Adalci ne in faɗa maka cewa ba a kama wani da ya yi amfani da waɗannan ƙofofi ya sauya sakamakon zaɓe a Amurka ba. Sai dai na'urar da ba ta barin shaida, ba ta iya wanke kanta. Wanda ya faɗi zai ce an yi masa maguɗi, wanda ya ci ba shi da abin da zai ajiye gaban alƙali. A ƙasar da kusan kowane babban zaɓe yake ƙarewa a kotu, wannan kaɗai ya isa.

Kuma ba sai da ɓarawo ake asara ba. A 2004, a wata ƙaramar hukuma mai suna Carteret a jihar Karolina ta Arewa, jami'ai sun ɗauka na'urarsu na ɗaukar ƙuri'a 10,500, ashe an saita ta a 3,005. Ta cika, mutane suka ci gaba da taɓawa, ƙuri'a sama da 4,400 suka bi iska. A zaɓen wata kujera ta jihar, tazarar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan ƙuri'un da suka ɓace ba. Takarda ko ruwa ya jiƙa ta, ana shanyawa a duba. Wannan ba abin shanyawa.

Hukuncin da na fi so ka riƙe shi ne na kotun tsarin mulkin Jamus a 2009. Kotun ba ta ce an yi maguɗi ba. Cewa ta yi dole talaka wanda bai san kwamfuta ba ya iya bin manyan matakan zaɓe da idonsa ya gamsu, kuma na'urorin da aka yi amfani da su a 2005 ba su ba da wannan dama ba. Ka tuna yadda ake yi a rumfarku. Ana gama zaɓe sai jami'i ya juye akwati a gaban jama'a, a ware ƙuri'u, a riƙa ɗagawa ana ƙirgawa da ƙarfi, yara da manya na amsawa. Ejan na kowace jam'iyya ya sa hannu ya karɓi kwafinsa, a manna sakamako a bango, kowa ya ɗauki hoto. A duk tsarin zaɓenmu, nan ne wurin da ya fi wuyar murɗewa, domin idanu sun yi yawa. Na'ura marar takarda kamar mai awon hatsi ne da zai shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya fito da buhu a ɗinke ya ce maka tiya arba'in ce. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma wa zai saya?

Ƙasar Holan ma ta ajiye na'urorinta bayan masu fafutuka sun nuna rauninsu a 2006. Namibiya ce ta fara zaɓen ƙasa da na'ura a Afirka a 2014, a 2020 kotun ƙolinta ta ce amfani da su ba tare da shaidar takarda ba ya saɓa wa doka, aka koma takarda.

Za ka ce to a kawo mai buga takarda. Nan muka fi kusa da juna. Indiya haka take yi tun bayan umarnin kotun ƙolinta na 2013: ka danna, 'yar takarda ta fito bayan gilashi na daƙiƙa bakwai ka gani, ta faɗa akwati. Amma ka lura, na'urar Indiya maɓalli gare ta, ba allon taɓawa ba, da batir take aiki, ba ta haɗuwa da intanet, kuma da gangan aka yi ta da ƙarancin wayo. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba, 'yan adawarsu har yau suna neman a ƙirga takardun duka maimakon 'yan kaɗan da ake zaɓowa a duba. Takardar tana da amfani ne kawai in mai zaɓe ya karanta ta, kuma doka ta tilasta a ƙirga ta, ta kuma ce in an samu saɓani takarda ce gaskiya. Mutane da yawa ba sa dubawa, suna ganin an gama sai su juya. In kuwa za a ƙirga takardun duka da hannu a rumfa, to ka sayi alƙalami mai tsadar gaske ke nan.

Maganar kuɗi. A 2023 rumfunan zaɓe 176,846 ne a Najeriya, masu rajista sun haura miliyan 93. Jihar Katsina kaɗai tana da rumfuna sama da 6,000 a ƙananan hukumomi 34. BVAS, wadda ba ta wuce babbar waya ba, guda ɗaya a kowace rumfa da 'yan rara na ko-ta-kwana, ta ci sama da naira biliyan 100 a kasafin zaɓen da aka tsara a kan biliyan 305. Na'urar kaɗa ƙuri'a ta fi ta girma, tana buƙatar firinta da batir mai jure yini. Jihar Jojiya ta Amurka, wadda masu rajistarta ke wajen miliyan 7, ta ba da kwangilar kimanin dala miliyan 107 a 2019 don sabon tsari mai allon taɓawa da ke buga takarda. Kai da kanka ka auna.

Guda ɗaya ma ba za ta ishi rumfa ba. Ana buɗe zaɓe ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, awa shida ke nan. Ranar zaɓen shugaban ƙasa kujera uku ake zaɓa, da sanata da ɗan majalisar wakilai. Ka ba kowane mutum minti biyu a gaban allo, wanda kaɗan ne ga wanda bai saba ba. In mutum 300 suka fito, awa goma ake nema. Da takarda, sai a ƙara kwali ko tebur a samu wurin dangwale na biyu. Da na'ura, sai dai a ƙara na'ura. In ta tsaya kuma, layi ya tsaya cak har mai gyara ya iso daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Waɗanda za su fara watsewa su ne mata masu goyo da tsofaffi.

Kuɗin saye shi ne ake gani a jarida. Na bayansa ya fi ciwo: sito mai tsaro inda zafi da ƙura ba za su kashe su ba, cajin batir lokaci-lokaci na tsawon shekara huɗu, lasisin manhaja da ake biyan kamfani da dala, horar da 'yan bautar ƙasa sababbi fil kowane zaɓe. Bayan kamar shekara goma kayan sun tsufa, wato zaɓe biyu ko uku. Ailan ta kashe kimanin yuro miliyan 54 a kan na'urorin zaɓe da ajiyarsu, ba ta taɓa yin zaɓen ƙasa baki ɗaya da su ba, a 2012 ta sayar da su a matsayin gwangwan a kan kimanin yuro dubu 70. Kwango ta sayi masu allon taɓawa daga Koriya ta Kudu don zaɓen 2018. Saura kwana goma zaɓe gobara ta tashi a sito a Kinshasa ta cinye kusan 8,000, aka ɗage zaɓen da mako guda. Mun ga yadda aka riƙa ƙona ofisoshin INEC a wasu jihohi gabanin 2023. Takarda in ta ƙone ana iya sake bugawa cikin kwanaki.

Ka ce ba sauran satar akwati. Maƙwabciyarmu Kaduna ta gwada na'ura a zaɓen ƙananan hukumomi a 2018 da 2021, ita ce ta farko a ƙasar nan. An yaba mata, don 'yan adawa sun ci wasu kujeru, abin da ba kasafai ake gani a zaɓen da hukumomin jihohi ke shiryawa ba. Amma a 2021 an samu wuraren da aka sace na'urorin, an kuma farfasa wasu. Ɗan daban da zai iya sungumar akwati zai iya sungumar na'ura. A 2024 jihar ta koma takarda.

Inda hujjarka ta fi ƙarfi shi ne ƙuri'un da ke lalacewa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 an soke kusan miliyan 1.3, a 2023 sama da dubu 900. Wani ya dangwala biyu, wani tawada ta shafi wani gida wajen naɗewa. Na'ura ba za ta bari ka zaɓi biyu ba, wannan gaskiya ne. Sai dai ita ma tana da nata salon ɓata ƙuri'a. A 2006 a Sarasota ta Fulorida, kimanin mutum 18,000 suka gama zaɓe ba a rubuta musu komai ba a kujerar majalisar wakilai, alhali ƙuri'a 369 ce tazarar. Binciken da ya biyo baya ya fi karkata ga cewa tsarin shafin ne ya sa idon mutane ya tsallake wurin. Waɗannan mutane ne da suka tashi da karatu da kwamfuta. Mu a 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne. Ka jera tambari 73 a allo, dole a kasa su shafi-shafi, kuma jam'iyyar da ta faɗa shafi na huɗu ta shiga uku.

Ka kuma tuna su wa za su tsaya gaban allon. Dattijuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba. Malamin zaure da ke karanta ajami tiryan-tiryan amma boko bai dame shi ba. Manomi ko maƙeri da hannunsa ya yi kanta, ga bushewar hunturu, wanda ko wayar ɗansa sai ya taɓa sau uku take amsawa. Rumfunanmu da yawa a fili suke, gindin bishiya ko barandar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa, kuma ka san yadda allon waya ke komawa da tsakar rana. Zaɓe yakan faɗo a Fabrairu da Maris, ƙura ba ta gama tafiya ba, zafi ya fara shigowa, firinta kuwa ba ta shiri da ko ɗaya. Duk wanda ya rikice abu ɗaya zai ce: "Ɗana, zo ka danna mini." Daga nan sirri ya tafi. Wanda zai yi saurin zuwa taimako kuwa ka san ko yaron wa ne. Allon ma a tsaye yake yana haske, wanda ke bayanka na iya hango inda yatsanka ya sauka.

Ga masu buƙata ta musamman, maganar ta rabu biyu, kuma a nan ne nake ganin gurbin na'ura. Makaho a yau sai ya zo da ɗan jagora ya dangwala masa, kamar yadda dokar zaɓe ta ba da dama. Ba shi da tabbacin an sa inda ya ce, kuma an san zaɓinsa. INEC ta kawo jagorar rubutun makafi da gilashin ƙara girman rubutu, amma jagorar sai wanda ya yi makarantar makafi take yi wa amfani. Na'urar da za ta karanta masa sunayen jam'iyyu a kunne da Hausa ko Fulatanci, ya danna da kansa, 'yanci ne na gaske. Wannan ne ya sa dokar Amurka ta 2002 ta wajabta aƙalla na'ura guda irin wannan a kowane wurin zaɓe. Amma abin da ke taimakon makaho shi ne muryar da maɓallan da yake lalubawa. Gilashi sumul ba ya gaya wa yatsa komai. Haka ɗan'uwanmu da kuturta ta cinye wa yatsu, irin mazauna Babbar Ruga, ko mai rawar hannu, manyan maɓallai yake buƙata. Gurgu kuma, in na'urar na kan dogon tebur a saman baranda mai matakala, ba a yi masa komai ba.

Saura "sakamako nan take". Don ya fito nan take sai an tura shi ta sabis, na'urar kaɗa ƙuri'a kuwa ƙa'ida ce kada ta taɓa haɗuwa da intanet. Ko da an yarda, mu a Katsina mun ga lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, aka yi watanni a haka. Akwai ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya da sai an hau tudu ake samun kira. Abin da ya ɓata wa mutane rai a Fabrairun 2023 ma ba a rumfa ya faru ba. An ƙirga, an sa hannu, sai hotunan sakamakon shugaban ƙasa suka ƙi hawa IReV a kan lokaci, INEC ta ce tangarɗar saiti ce, daga baya Kotun Ƙoli ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne a doka. Yawancin ƙorafin zaɓenmu yana kan hanyar da lamba ke bi daga rumfa zuwa mazaɓa, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, da kuma sayen ƙuri'a da tsoratarwa. Allon taɓawa bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da za a nemi shawarata kan inda za a sa kuɗin, zan ce a bar mafi yawan jama'a da takarda da dangwale da ƙirga a bainar jama'a. A gyara tsarin takardar, a samo tawada mai saurin bushewa, a koya wa mutane naɗewa ta rediyo. A tilasta wa jami'in tattara sakamako ya gwada kowane EC8A da hotonsa da kuma adadin da BVAS ta tantance kafin ya rubuta komai, a kuma hukunta wanda ya ƙi. Sannan a gwada na'ura mai murya da maɓalli a ƙaramin zaɓe, kamar na cike gurbi, a 'yan rumfunan da aka san akwai makafi da yawa, da sharaɗin ta buga cikakkiyar ƙuri'a a jefa a akwati ɗaya da na kowa a ƙirga tare. A bar wasu masu gani su ma su yi amfani da ita, don kada a gane ƙuri'un makafi in an juye akwati. Kafin a saya kuma a miƙa na'urar da manhajarta ga masana a jami'o'inmu da wakilan jam'iyyu su yi ƙoƙarin karya ta, a wallafa abin da suka gano. Kamfanin da ya ce manhajarsa sirrin kasuwanci ce, a mayar masa da kayansa.